Filin Tambaya da Amsa: Ina ne Salop a ƙasar Ingila?

Tambayar farko da za ku gani a ƙasa ita ta riga sauran isowa. Da muka ga sunan baƙo ne ga yawancin masu karatu, sai muka sanar a fitowar da ta gabata cewa duk mai wata takarda ko wani kaya da ke ɗauke da shi ya rubuto mana. Ga waɗanda muka zaɓa daga abin da ya shigo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Ingilishi a makarantar sakandare. An kawo mana gudummawar tsofaffin littattafai, a ciki har da taswirar Ingila ta shekarun 1970. Yara suka hango an rubuta SALOP ɓaro-ɓaro a kan wani yanki, aji ya kece da dariya, don mai kama da wannan kalma a Faransanci, wato salope, zagi ce ga mace. Kuskuren masu bugawa ne, ko da gaske akwai wurin? Daga malamar Ingilishi, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Masu bugawa ba su yi kuskure ba. Salop tsohon suna ne na lardin da yau ake kira Shropshire, a yammacin tsakiyar Ingila, daf da iyakar Wales. Babban garin lardin shi ne Shrewsbury, wanda kogin Severn ya kusa zagayewa kaf, sai ɗan mashigi da ya rage ta wajen arewa. Tsakaninsa da Landan kimanin kilomita 240 ne, arewa maso yamma. Taswirarki ta faɗo a ƴan shekarun da Salop ne sunan da ke rubuce a doka. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 1974, da wannan suna ta ambaci lardin, kuma haka ya zauna har 1 ga Afrilun 1980.

Abin da zai ba ɗalibanki mamaki shi ne, masu jin Faransanci ne suka haifar da sunan, ba tare da nufin zagin kowa ba.

A tsohon Ingilishi garin Scrobbesbyrig ake ce masa. Ɓangaren ƙarshe, byrig, gari ne mai ganuwa. A kan na farko masana sun rabu biyu: wasu sun ce sunan wani mutum ne Scrobb, wasu sun ce sarƙaƙiyar ƙananan itatuwa ce da ta kewaye wurin. Da aka yanka lardi aka ɗora shi a kan garin, sai aka ƙara scir a ƙarshe, wato lardi, aka sami Scrobbesbyrigscir. Da wannan doguwar siga ya fito a kundin tarihin Anglo-Saxon a labarin shekarar 1006. A bakin mutanen ƙasar, sc ta rikiɗe ta koma sh, tsawon ya yi ta zaizayewa, har aka wayi gari ana cewa Shrewsbury ga garin, Shropshire ga lardin.

A 1066 Normandawa suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila. Sarauta da shari'a da rubutun haraji duk suka koma hannun masu jin Faransanci, marubutan fadarsu kuma da Latin suke rubutu. Baƙaƙe uku a jere a farkon suna sun yi wa harshensu nauyi, sai suka cusa wasali a tsakani. A kundin Domesday na 1086, wanda Sarki William ya sa aka ƙidaya filayen ƙasar a cikinsa, an rubuta garin Sciropesberie, lardin kuma Sciropescire. Daga baya farkon ya ƙara sauƙaƙa ya koma sa. Saura matsala guda: r biyu ne a sunan, ɗaya kusa da farko, ɗaya kusa da ƙarshe, kuma al'adar bakinsu ce idan r biyu suka haɗu a kalma su mayar da ɗaya l. Haka aka sami Salopesberie. Wannan sauyi bai tsaya kan gari ɗaya ba. Sarisberie ta kudancin Ingila ta wannan hanya ta zama Salisbury.

Mu nan ba baƙin wannan al'amari ba ne. Faransawa sun iske Tsibiri, ts ta gagare su, suka rubuta Tibiri, kuma shi ne a kan allon hanya da takardun gwamnati har gobe. Dogon Dutsi ya koma Dogondoutchi. Mu ma mun rama, don France da ta zo bakin Bahaushe sai da ya saka mata wasali ta zama Faransa. Idan kika fara darasin daga Tsibiri, yara za su gane kafin ki kai Ingila.

Mataki na ƙarshe aikin alƙalami ne. A Latin aka gyara sunan ya zama Salopia. Fatar rubutu tana da tsada, marubuta kuma suna gajarta duk kalmar da ke yawan dawowa, saboda haka sai su rubuta Salop su ɗora ƴar alama a kan harafin ƙarshe, ma'ana akwai saura. Da tafiya ta yi nisa aka daina sa alamar, mutane suka riƙa karanta abin da ido ya gani. Don haka mai cewa Salop gajarcewar Shropshire ce bai faɗi daidai ba. Su biyun tushensu ɗaya, amma kowanne da hanyar da ya biyo, shi ya sa ba za ki iya ciro haruffan ɗaya daga cikin ɗayan ba.

Wajen furuci, Ingilishi yana ɗora nauyi a gaɓar farko, ta biyun kuma a sassauta ta, kusan kamar a ce Salap. Kalmar Faransancin da ta sa yara dariya nauyinta a ƙarshe yake, tana da e a rubuce, kuma asalinta daban.

Tambaya: To in sunan ya kai shekaru ɗaruruwa, me ya sa aka cire shi a 1980? Kuma mutum zai iya faɗinsa yau ba a ga baƙinsa ba? Daga wani ɗalibin lise, unguwar Mokoyo.

Amsa: Ɗanmu, tun da aka kafa majalisun larduna a 1889 sunayen biyu suke tafiya tare, wani ya ce Salop, wani ya ce Shropshire, ba mai damuwa. Rigimar ta taso ne bayan 1974, da sabon tsari ya sa Salop ya mamaye alluna da taswirori da kan takardun hukuma. Da yawa daga mutanen lardin suka ga an ɗora musu sunan ofis a kan wanda suka saba da shi. Wani ɗan majalisar lardin mai suna John Kenyon ya jagoranci neman a sauya, majalisa ta amince, sauyin ya fara aiki 1 ga Afrilun 1980. Kamancen sunan da zagin Faransanci yana cikin hujjojin da aka riƙa kawowa. A tuna Birtaniya ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai a 1973, zirga-zirgar jami'ai tsakaninta da Faransa ta ƙaru, abin da da can ba a lura da shi ba ya zama abin jin kunya a wurin taro.

Cire shi daga doka bai fitar da shi daga baki ba. Mutumin lardin har yanzu Salopian ake ce masa, don Shropshire ba ta haifar da wata kalma mai daɗin faɗi da za ta maye gurbinta ba. Tsofaffin ɗaliban makarantar Shrewsbury, wadda Sarki Edward na 6 ya kafa a 1552, Old Salopians suke kiran kansu. Charles Darwin, da aka haifa a garin a 1809, a can ya yi karatu. Taken lardin Floreat Salopia ne, ma'ana Salopia ta bunƙasa, yana rubuce ƙarƙashin tambari mai kawunan damisa uku. Cocin Ingila tana da muƙami mai ɗauke da sunan Salop a yankin Lichfield. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallon Shrewsbury Town kuwa Salop suke rerawa a fili, ba ruwansu da abin da Bafaranshe zai ji.

A can dai ba zagi ba ne ko kaɗan. A nan Maradi, inda kunne ya fi sabawa da Faransanci, ka fara da bayani kafin ka furta shi a gaban manya. A jarrabawa kuma, idan an tambaye ka sunan lardin a yau, Shropshire za ka rubuta.

Tambaya: Ina da tsohon injin ban ruwa da na saya hannu na biyu. A jikin ƙaramin allon ƙarfen da ke maƙale da shi akwai sunan kamfani, sai Telford, Salop, England, sai lambar waya mai farawa da 0952. Ina neman kayan gyara. Yarona ya duba Salop a taswirar waya bai samu ba, lambar kuma ba ta shiga. Kamfanin bogi ne? Daga wani Alhaji mai lambu a Jiratawa.

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, allon nan na gaskiya ne, har ma ya gaya maka shekarun injin. Sabon gari ne Telford. An tsara shi a 1963 da sunan Dawley, a 1968 aka faɗaɗa shi aka sa masa sunan Thomas Telford, injiniyan da ya taɓa riƙe ayyukan gine-ginen lardin. Duk allon da ya haɗa Telford da Salop bai riga 1968 ba, wannan tabbas ne. Ta ɗaya gefen kuwa da ɗan sassauci. Sunan ya fita daga doka a 1980, amma kamfani ba ya zubar da allunan da ya riga ya buga, sai sun ƙare. Ka ɗauka injinka na tsakanin 1968 ne da farkon shekarun 1980.

Ba abin mamaki ba ne a ga sunan a jikin ƙarfe. A Coalbrookdale, cikin yankin da Telford ta haɗiye, Abraham Darby ya fara narka tama da gasasshen kwal a 1709, jikansa kuma ya kafa wata shahararriyar gadar ƙarfe a kan Severn a 1779. A Shrewsbury ma Rolls-Royce ta sayi masana'antar Sentinel a 1956 ta riƙa ƙera injunan gas a can.

Lambar waya ta mutu ne saboda ranar 16 ga Afrilun 1995 Birtaniya ta ƙara 1 bayan sifirin farko a lambobin garuruwa. 0952 ta Telford ta koma 01952, 0743 ta Shrewsbury ta koma 01743. Daga nan Nijar ana cire sifirin a sa +44 a gaba. Amma kada ka ɓata kuɗin kira, don ragowar lambar ma wataƙila an tsawaita ta, ko tana hannun wani daban yanzu.

Hanyar da ta fi ita ce yaron ya bar kalmar Salop gaba ɗaya, ya rubuta sunan kamfanin da Telford da Shropshire. Idan bai ga komai ba, ya shiga shafin Companies House, rajistar kamfanonin Birtaniya, wadda duba ta kyauta ne. Tana nuna ko kamfani na raye da sunayen da ya taɓa ɗauka, sai dai wanda ya daɗe da rushewa ba lalle ya fito ba. Sau da yawa wani babban kamfani ne ya saye ƙaramin, kayan gyaran suna nan da sabon suna. Sannan a goge allon da ɗan gas da tsumma, kada a sa takardar yashi don tana cinye lambobin da aka buga, a ɗauki hoton lambar samfuri da lambar injin. Mai sayar da kayan gyara waɗannan biyun yake tambaya, adireshi ba ya gabansa. A duba kuma ko famfon da injin da ke juya shi kamfani ɗaya ne ya yi su. Yawanci kowanne da allonsa, mai haɗa famfo sayen injin yake yi a wani wuri.

Ga inda aka fi yin ɓarna, ka gaya wa bakaniken da ke duba maka. Birtaniya ta fara komawa awon mita a 1965, amma masana'antu sun ɗauki shekaru kafin su gama, saboda haka injin wancan zamani yana iya zuwa da kusoshin inci, ko ma gauraye. Kusar rabin inci kaurinta milimita 12.7 ne, tana kama da M12 ta kasuwa, wato kusa mai kaurin milimita 12, a ido. Idan aka sa M12 a raminta za ta shiga murɗi ɗaya ko biyu ta cije, bakanike ya ƙara ƙarfi da sufana, haƙoran ramin su zube, an shiga aikin huda da sake yanka. A ɗora tsohuwar kusar a kan ma'auni a ƙirga haƙoran da ke cikin milimita 25.4. Adadin shi zai faɗi sunan irin haƙoranta. In 12 ne, Whitworth ce. In 13 ne, UNC. In 16, BSF. In 20, UNF. M12 ta yau da kullum tana ba da 14 da rabi. Kada a yar da tsohuwar kusa ko ta lanƙwashe, ita ce samfurin da za a kai wa mai injin yankan ƙarfe.

In ta kai ga aika wasiƙa, ba a bukatar sunan lardi ko kaɗan, gidan wayar Birtaniya ya daina neman sa tun 1996. Lambar gida da titi, sunan gari da manyan haruffa, lambar shiyya, wadda ta Telford da TF take farawa, sai ROYAUME-UNI a layin ƙarshe.

Tambaya: Ina karatun aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. A ɗakin karatu na sami tsohuwar maƙala, adireshin marubucin Harper Adams Agricultural College, Newport, Salop. Da na nemi Newport sai aka kai ni Wales. Wanne ne daidai, kuma yaya zan rubuta shi a kundina? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƴarmu, wannan shi ne babban aikin da Salop ya yi wa masu aika wasiƙa shekara da shekaru: raba garuruwa masu suna ɗaya. Newport ta Wales birni ne babba mai tashar jiragen ruwa, shi ya sa na'ura take fara kai ki can. Akwai wata a tsibirin Wight. Taki ƙaramar ce, garin kasuwa a gabashin Shropshire, lambar shiyyarta TF10. Kwalejin tana ƙauyen Edgmond kusa da ita, an buɗe ta a 1901, ta zama jami'a a 2012. Haka Wellington ta Salop daban take da ta Somerset, balle babban birnin New Zealand. Whitchurch ta Salop, SY13, daban da ta Hampshire.

A kundinki ki kwafi abin da aka buga yadda yake. Idan tsarin da malaminki ya zaɓa yana neman wurin bugawa, ki rubuta Newport, Salop, kada ki sabunta, domin wanda zai bi sawunki abin da ke kan takardar zai nema. Wajen bincike kuwa ki gwada sunayen biyu, ɗaya bayan ɗaya, don wasu ɗakunan karatu sun gyara katunansu, wasu sun bar su.

Akwai tarkon da ya fi wannan, ko da yake masu karatun tarihi ya fi kamawa. Salop yana nufin lardin, yana kuma nufin garin Shrewsbury kansa. Kalmar da ke maƙwabtaka da shi ita ke raba gardama. Idan sunan wani gari ya gabace shi, kamar Ludlow, Salop, lardi ne. Idan an sa County of, ko co., ko com. na Latin a gabansa, lardi ne. Idan kuwa shi kaɗai ne a tsohuwar wasiƙa, mutum ya ce ya kwana a Salop ko ya kai ulu kasuwar Salop, to garin yake nufi. Asibitin Salop Infirmary da aka kafa a shekarun 1740 a cikin garin yake. Ruɗanin ya kai har sarauta. John Talbot, sarkin yaƙin Ingila da aka kashe a Castillon a 1453, a ƙarshen yaƙin shekara ɗari da Faransa, an naɗa shi a 1442 da laƙabin da a Latin ake rubutawa Comes Salopie, wato basaraken Salop. Ana iya karanta shi ta kowace fuska, lardi ko gari, amma da sunan garin zuriyarsa suke amsawa.

Iyakoki ma sun motsa. Halesowen da Oldbury, kusa da Birmingham, sun daɗe suna ƙarƙashin Salop duk da cewa ƙasarsu ba ta haɗe da ta lardin ba, wasu larduna ne suka kewaye su. Dokar 1844 ta mayar da su Worcestershire, a 1974 kuma suka shiga West Midlands. Mai neman Halesowen, Salop a taswirar Shropshire ta yau zai gaji bai gani ba.

Tambaya: Aikina fassarar takardu daga Ingilishi zuwa Faransanci. An kawo mini takardar haihuwar wani da aka haifa a Ingila a 1976, an rubuta in the County of Salop. Mai takardar ya ce in sa Shropshire don kada a yi masa dariya a ofis. Ya halatta? Daga wani tafinta, Sabon Gari.

Amsa: Malam, kada ka yarda. Mai fassarar takardar hukuma ba ya gyara abin da hukuma ta rubuta. Jami'in da zai karɓa yakan ɗora asali kusa da fassara ya bi sunaye da ranaku da yatsa, ko da ba ya jin Ingilishi. In ya ga Salop a nan, Shropshire a can, yana da hujjar mayar da takardar, kuma hatiminka ne a kai.

Ka rubuta comté de Salop, kalmar comté tana gaba kullum, kada ka bar sunan shi kaɗai da le a gabansa. A ƙasan shafi ka sa bayanin tafinta na layi ɗaya, cewa wannan shi ne sunan hukuma na lardin a lokacin rajistar, an mayar da shi Shropshire ranar 1 ga Afrilun 1980. Wannan layin ya wadatar ko da wata takardar mutumin tana ɗauke da sabon sunan. Ka kuma duba da idonka bayan ka buga, domin kwamfutar da aka saita a Faransanci tana iya ƙara e a ƙarshe da sunan gyara, ka miƙa wa mutum takarda da zagi a wurin haihuwarsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shigar da kalmar cikin ƙamus ɗin na'urar tun kafin ka fara.

Tun 1 ga Yulin 1837 ake rajistar haihuwa a Ingila da Wales, kuma za ka riƙa ganin Salop a takardun da suka girmi 1974 nesa ba kusa ba. Masu binciken asali ma SAL suke sa wa lardin a gajarce. A takardar akwai layin gundumar rajista, wanda shi ma suna ne da ba a fassarawa, kuma ba dole ne ya zama garin da aka haifi mutum ba. Wurin haihuwa yana da nasa gurbin daban.

Tambaya: Ashe kamar Damagaram da Zinder ke nan? Daga wani mai karatu a Tasawa.

Amsa: Da ɗan kama, Malam, tunda a duka biyun suna ɗaya yana ɗaukar gari da ƙasar da ke kewaye da shi. Sai dai Damagaram da Zinder kalmomi ne biyu, kowace da asalinta, Salop da Shrewsbury kuwa kalma ɗaya ce da ta rabu. Wani bambancin kuma, a Damagaram sunan da jama'a suka riƙe daban yake da na ofis tun farko. Salop daga ofis ya fito, jama'a suka ɗauka, ofis ya yar, su ba su yar ba.

Tambaya: Na ga salop a wani tsohon rubutu ana cewa ana shan sa da zafi a titunan Landan. Daga wannan lardin ake kawo shi? Akwai kuma wasu sunaye irin wannan da ya kamata mu sani? Daga wata Hajiya, unguwar Bagalam.

Amsa: Hajiya, babu abin da ya haɗa su sai kamannin rubutu. Abin shan nan an fi rubuta shi saloop, daga salep na Turkawa, wanda Larabawa ke kira sahlab. Garin saiwar wani fure ne ake damawa da ruwan zafi ko madara a sa sukari. A ƙarni na 18 da farkon na 19 talakawan Landan suna sayen sa a bakin titi saboda ya fi shayi da kofi araha. Wanda ya je Masar ko Turkiyya da sanyi zai iske ana sayar da shi har yanzu. In kin ga ƙaramin harafi a farko kuma ana maganar kofi da cokali, abin sha ne.

Sunaye irinsa da za ki fi cin karo da su a adireshi uku ne. Hants shi ne Hampshire, daga Hantescire na kundin Domesday, kuma wannan lardin ma sai a 1959 doka ta daina kiran sa lardin Southampton. Oxon shi ne Oxfordshire, daga Oxonia na Latin, kuma idan ya biyo bayan digirin mutum yana nufin jami'ar Oxford ce ta ba shi, kamar yadda Cantab yake nuna Cambridge. Northants shi ne Northamptonshire. Waɗannan ukun ana rubuta su har yau ba wanda ya ce uffan. Sai Sarum, tsohon sunan Salisbury, wanda ya samo asali daga kuskuren karanta alamar gajartawa ta marubutan Latin. Bishop ɗin garin da shi yake sa hannu, kamar yadda na York yake sa Ebor, na Durham kuma Dunelm.